Matsayin Jagora a Yawon Kallon Namun Daji: Darasi ga Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa yawon kallon namun daji bai dogara ga yawan dabbobi kaɗai ba. Ginshiƙinsa shi ne jagora ɗan ƙasa, wanda ya san dajin, yake kuma cin moriyarsa.

2.0 Misalai Biyu

A garin Churchill na arewacin Kanada, inda tsananin sanyi yake tauye girman itatuwa, fararen beyar sukan taru a gaɓar Tekun Hudson cikin Oktoba da Nuwamba, suna jiran ruwa ya daskare su fita farauta. Baƙo ba ya tunkararsu shi kaɗai. Jagora ke ɗaukarsa a doguwar mota, domin shi ya san halin dabbar.

Misali na biyu yana kusa da gida. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a 1996, amma bayan shekaru kusan ashirin suka haura 600. Jagororin wurin 'yan ƙauyukan yankin ne, saboda haka raƙumin dawa ya zama dukiyarsu. Sai dai a ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a can, har da jagora, harkar ta durƙushe.

3.0 Halin da Zamfara Take Ciki

Dajin Kuyambana, a Ƙaramar Hukumar Maru, yana iyaka da Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. A dā giwaye sukan ratsa tsakaninsu. Amma a Bagega da kewayenta zinariya ta ɗauke hankalin matasa, har gubar dalma ta 2010 ta halaka yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Daga baya dazuzzukan suka zama maɓoyar ɓarayi.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga sharuɗɗa biyu: zaman lafiya da sanin daji. Na farko yana iya dawowa. Na biyu kuwa, wato karatun sawu, da sanin mashaya, da lura da iska, yana kawunan tsofaffin maharba, kuma kowane ya rasu da nasa yake tafiya. Don haka muna ba da shawarar jami'o'inmu su gaggauta rubuta wannan ilmi daga bakinsu, tun kafin a nemi jagora a rasa.