Gidan Yarin da Fursunoni Ke Gyara Junansu

Mafi yawan waɗanda alƙali ya ɗaure za su fito wata rana, su koma unguwanninsu, su yi maƙwabtaka da mutane. Don haka abin da ya kamata ya dami al'umma shi ne irin mutumin da zai fito. A kurkukun da aka saba, gandiroba ne ke faɗin lokacin tashi da na ci da na kwanciya, fursuna kuma ya koyi kame baki da zargin kowa don ya tsira. Wanda ya yi shekara goma ba a taɓa neman shawararsa ba, da wuya ya iya riƙe aiki ko iyali ranar da aka sake shi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tunda dole fursunoni su zauna tare, hikima ita ce a tsara zaman ya zama magani.

Wannan tunani ne ya haifar da gidan yarin Grendon da aka buɗe a Ingila a 1962. Tushensa aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne irin su Maxwell Jones, waɗanda suka lura a jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu cewa marasa lafiya na taimaka wa juna warkewa idan aka ba su ta cewa. Fursuna da kansa yake neman a kai shi Grendon, kuma da yawansu masu manyan laifuffuka ne, har da kisan kai da fyaɗe. Kowane sashe na ɗauke da mutum kusan 40. Sukan zauna rukuni-rukuni, kamar mutum takwas tare da ma'aikaci, kowa ya buɗe tarihinsa da laifinsa, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi. Sau biyu a mako sashen gaba ɗaya yana taro ƙarƙashin shugaban da fursunoni suka zaɓa a cikinsu. A nan ake raba ayyuka, a sasanta rigima, har a kaɗa ƙuri'a kan wanda ya karya dokar hana faɗa da ƙwaya, ko da yake hukuncin ƙarshe na hannun ma'aikata.

Binciken da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta wallafa a 1997 da 2000 ya nuna cewa waɗanda suka yi aƙalla wata 18 a Grendon ba sa komawa laifi kamar takwarorinsu. A Amurka an gwada tsari mai kama da wannan ga masu shaye-shaye, kamar shirin Amity a kurkukun Donovan da ke Kalifoniya. Bayan shekara uku, kusan ɗaya cikin huɗu ne ya koma kurkuku daga waɗanda suka kammala shirin kulawa bayan saki, alhali a sauran kusan uku cikin huɗu ne suka koma.

Wasu na cewa wannan gata ne ga mai laifi. Amma ba a rage wa kowa kwana ɗaya daga ɗaurinsa don ya shiga, kuma tsayawa gaban mutanen da suka san duk dabarun ƙarya, mutum ya amsa abin da ya aikata, ya fi zaman shiru a ɗaki wuya. Shi ya sa da yawa suke neman a mayar da su inda suka fito. Wasu kuma na cewa waɗanda suka daure dama can masu niyyar shiryuwa ne. Akwai gaskiya a nan, ko da yake binciken Grendon ya kwatanta su ne da waɗanda aka zaɓa amma ba su samu zuwa ba. Ita niyya ma tana buƙatar wurin da za ta yi ƙarfi, kuma kurkukun da aka saba kashe ta yake yi. Batun kuɗi kuwa, ɗaure mutum sau uku ya fi gyara shi sau ɗaya tsada, ban da asarar waɗanda zai cuta a tsakani.

Tsarin ba ya aiki sai da ƙwararrun ma'aikata, da isasshen lokaci, da kulawa bayan saki, wato masauki da sana'a da mai sa ido. Duk gwamnatin da ke son rage laifi ya kamata ta ware sashe ɗaya ta fara, ta auna sakamakon, ta kuma bi fursunan da taimako har bayan ya fita ƙofa.