Magidanta Masu Gasar Zamiya A Kan Ƙanƙara

A nan Amarawa ba mu san ƙanƙara ba sai wadda ake sayarwa a bakin kasuwar Illela lokacin bazara, ko wadda takan zubo tare da ruwan farkon damina. Amma a ƙasashen sanyi akwai wasan da ake yi a kanta. Mutum yakan ɗaura takalmi mai ƙarfe a ƙasansa, ya riƙa zamewa yana juyi da tsalle, ana sa masa kiɗa, alƙalai suna ba shi maki. Wanda ya taɓa ganin samari masu takalmin taya a titunan Sakkwato ko Kano ya ga ƙanen wannan wasa.

Ƙarfen takalmin nan kaurinsa kimanin milimita 4 ne. Cikinsa a ɗan rarake yake, watau yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma duk gwanintar tana wajen sanin wanda za a jingina a kai. Filin kuwa tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. A da har zane akan sa ɗan wasa ya yi da ƙarfen a kan ƙanƙarar, kamar lamba 8, alƙalai su sunkuya su duba sawun. An daina wannan a manyan gasanni a 1990. Cikin tsalle-tsallen, wanda ya fi ba mutane wuya shi ne Axel, sunan wani mutumin Norwe, Axel Paulsen, da ya fara yinsa a 1882. Shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya, don haka kullum yana da ƙarin rabin juyi.

Galibin zakarun wasan tun suna shekara 4 ko 5 suke farawa, kafin su kai 30 sun ajiye takalmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, wanda bai fara ba sai da ya yi aure ya haifu fa?

Ƙungiyar wasan ta duniya, wadda aka kafa a 1892, ta yi musu gasarsu. Tun 2005 ake yin ta a Oberstdorf, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun kudancin Jamus, yawanci cikin watan Mayu, daidai lokacin da mu nan muke kwana a tsakar gida saboda zafi. Sai wanda ya kai shekara 28 yake shiga. Amurka ta riga su, don tun 1995 take da gasar manya ta ƙasa. Ana raba 'yan wasa ta hanya biyu. Da fari ta shekaru, yadda ɗan 30 ba zai kara da ɗan 60 ba, kuma har waɗanda suka haura 70 sukan fito. Sa'an nan ta iyawa, kowane mataki da irin tsallen da aka yarda a yi a cikinsa. Wannan dabara ta burge ni, domin tana hana dattijo ya karya ƙugunsa garin neman burga.

Babu kuɗin da ake ci. Malaman makaranta ne da likitoci da masu shago, su ke biyan kuɗin shiga da na mota da na mai koyar da su. Da yawa sukan yi sammako su yi atisaye kafin lokacin aiki. Babban abin da ke damun babba shi ne tsoro. Yaro ya faɗi sau goma ya tashi yana dariya, shi kuwa magidanci kafin ya ɗaga ƙafa ya tuna wuyan hannunsa da bakunan da yake ciyarwa. Ga kuma kunya, a ce gemai-gemai da kai kana dafa bango yara suna wuce ka.

Tsofaffin zakaru ma sukan dawo. Midori Ito ta Japan, wadda ta ci gasar duniya a 1989, ta shiga ta Oberstdorf a 2011 tana da shekara 41, kuma ta biyu ta zo. Sai a 2013 ta ɗauki na ɗaya.

Wasanmu da ya fi kusa da wannan ita ce langa, don ita ma tsayuwa ce a kan ƙafa ɗaya da sanin inda nauyin jiki ya karkata. Sai dai mu da zarar saurayi ya yi aure, shi da fili sai kallo. Kokawa ma haka, daga nan har Birnin Ƙonni, tsohon ɗan kokawa yakan koma ɗaura wa yara laya. Da za a ware zagaye ɗaya na langa ranar wasannin makaranta, 'yan shekara 30 zuwa 40 daban, waɗanda suka haura haka daban, iyayenmu da malamanmu ba za su rasa abokan karawa ba.