Lambar NIN: Me ya sa yawan rajista bai zama shaidar amincewa ba?

A watan Disambar 2020 Ma'aikatar Sadarwa, ƙarƙashin Isa Ali Pantami, ta umarci 'yan Najeriya su haɗa layukan wayarsu da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda rashin bin umarnin. Tun 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar. Yau masu NIN sun haura miliyan 100, adadin da ake yawan kafa hujja da shi. Sai dai wanda aka toshe wa layi ya je ya bi dogon layi, ba a ce ya amince ba. Tilas ce ta kai shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar tantancewa. Bankuna da kamfanonin sadarwa na buƙatar tabbatar da lambar abokin hulɗa, don haka hukumar NIMC ke bai wa wasu kamfanoni lasisin duba rumbunta. Kowane lasisi ƙofa ce, kuma ba dole sai an fasa rumbu kafin bayanai su fita ba, matuƙar mai riƙe da makulli ya ara wa wani.

A Maris na 2024 jaridar bincike ta FIJ ta fallasa shafin XpressVerify da ke sayar da bayanan masu NIN. A Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani, AnyVerify, inda ta ce naira 100 kacal ta ishi mutum ya sayi bayanan wani. NIMC ta musanta cewa an yi wa rumbunta kutse. Ko da hakan gaskiya ne, bai amsa tambayar wanda hotonsa da adireshinsa suka shiga kasuwa ba, ga shi lambar ta har abada ce, ba a sauya ta kamar kalmar sirri.

Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan an samu kwararar da ke barazana ga 'yancin mutane, ya kuma sanar da su kansu idan haɗarin babba ne. Dokar ta kuma bai wa kowa damar tambayar wa aka miƙa wa bayanansa, tare da kai ƙorafi gaban NDPC.