Yadda gasar gudu a kan ruwa ta haifi jirgin Spitfire

In ka tambayi mutumin Ingila wane jirgin sama ne ya kare ƙasarsu daga Hitila a 1940, da wuya ya ambaci wani kafin Spitfire. Kamfanin da ya ƙera shi kuwa, Supermarine, a wancan lokacin a bakin ruwa yake a birnin Southampton, kuma sunan da ya yi tun farko wajen ƙera jiragen sama masu tashi da sauka a kan teku ya yi shi.

Tushen labarin gasa ce. A 1912 wani attajirin Faransa, Jacques Schneider, ya sa kofi don jiragen sama masu sauka a ruwa, da sharaɗin cewa ƙasar da ta ci sau uku cikin shekara biyar ta riƙe kofin har abada. Mai karatu zai yi mamakin a ce jirgi mai ɗauke da manyan ƙafafu biyu kamar kwalekwale a ƙarƙashinsa shi ne ya fi kowa gudu. Dalilin a fili yake. Jirgin da aka ƙera don tsananin gudu yana bukatar doguwar tafiya kafin ya ɗaga, filayen jirgi na lokacin kuma gajeru ne, yawanci ciyawa ce. Teku ba ta da wannan matsalar.

Injiniyan Supermarine, R. J. Mitchell, ya ci wa Birtaniya kofin a Venis ta Italiya a 1927 da jirgin S.5, ya sake ci a 1929 da S.6. Da za a yi karo na uku a 1931, gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, don tattalin arziki ya durƙushe. Wata attajira, Lady Houston, ta ba da fam 100,000 daga aljihunta. Da kuɗin nan aka ƙera S.6B, ya ci kofin, kuma a watan Satumba na wannan shekarar ya kafa tarihin gudu na duniya, kimanin kilomita 655 a awa ɗaya.

A ganina darasin da aka koya a nan ya fi kofin muhimmanci. Injin Rolls-Royce da ke cikin jirgin yana da ƙarfi sosai, zafinsa kuma ya kai a rasa inda za a kai shi, sai Mitchell ya mayar da fatar fuka-fukai da ta ƙafafun ruwan wurin sanyaya injin, ya zuba mai a cikin ƙafafun. Kamfanonin biyu suka ƙware wajen haɗa jiki siriri na ƙarfe da inji mai ƙarfi. Daga wannan ilimin Rolls-Royce ya fito da injin Merlin, Mitchell kuma ya zana Spitfire, wanda ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936. Allah bai nufe shi da ganin aikinsa a fagen fama ba, cutar daji ta kashe shi a 1937 yana da shekara 42.

Sai dai a yi adalci. A yaƙin sararin samaniyar Birtaniya, daga Yuli zuwa Oktoba 1940, jirgin Hurricane na kamfanin Hawker, wanda Sydney Camm ya zana, ya fi Spitfire yawa, kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Bai kai Spitfire gudu ba, amma bayan jikinsa ƙarafa ne aka lulluɓe da ƙyalle, harsashi ya huda shi makanikai su yi masa faci a fili ya koma sama. Dukansu injin Merlin ne, kowanne da bindigogi takwas a fuka-fukai. Su ma jiragen sama masu sauka a ruwa ba su zauna ba: babban jirgi Short Sunderland ya riƙa farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus a Atlantika, ƙaramin Walrus na Supermarine kuma yana sauka a teku ya tsamo matuƙan da aka harbo.

Wannan tarihi ya biyo ta ƙasarmu. Tun a Nuwamba 1925 jiragen rundunar sojin saman Birtaniya, RAF, guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da suka sauka a Najeriya. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai aka riƙa kawo jiragen Hurricane a akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi rukuni-rukuni, jirgin Blenheim yana gaba yana nuna hanya. Su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, su ratsa El Fasher da Khartum har Masar, inda ake gwabzawa da sojojin Italiya da na Jamus a hamada. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, filin jirgin Kano kuma yana cikin manyan zangonta na shan mai da gyara.