JIRGIN KAYA DA HAWAN TSAUNUKAN JOS: TARIHI DA YADDA AIKIN YAKE

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan layin dogon da ya ratsa ƙasar Hausa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka ɗora shi, don haka mutumin Kano ko Gusau ko Nguru ya saba ganin jirgin kaya yana wucewa ba tare da wata alamar wahala ba. Amma akwai wurin da lamarin ya sha bamban, wato hawan da ke tsakanin Kafanchan da Jos. A nan ne a da akan ga kan jirgi yana nishi, yana tafiyar hawainiya da taragu a bayansa, har mai kallo ya riƙa zaton ba zai kai ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya kai dogo kan waɗannan tsaunuka, da dalilin da ya sa hawa yake yi wa jirgi wuya, da kuma sauyin da zuwan kan jirgi mai amfani da dizal ya kawo.

2.0 Abin da Ya Kai Dogo Kan Tsauni

Kuza ce ta ja dogo zuwa Jos. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai sun san ta, suna narka ta, fatake suna yaɗa ta a kasuwanni. Ta wannan hanya ce labarinta ya kai kunnen Kamfanin Neja, wanda ya tura masu bincike a shekarun 1902 da 1903, daga bisani kamfanonin haƙa suka yi ta kwararowa. Matsalar da suka tarar ita ce ta sufuri. 'Yan dako ne suke ɗaukar kuzar a ka, su yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa.

Bayan da dogo ya iso Kano a 1911, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ja wani ƙaramin layi daga Zariya, wanda aka sani da ƙaramin dogon Bauchi. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya isa Rahama a 1912, sa'an nan ya hau ta Jengre ya kai Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, saboda haka dole duk kayan da ya kawo a sauke su a Zariya a sake lodawa. Talakawa ne suka yi wannan aiki da diga da kwando, da yawansu kuma ba da son ransu ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kan aikin dogo na wancan zamani, wadda aka sani da Waƙar Diga.

A 1927 aka buɗe reshe mai cikakken faɗi daga Kafanchan zuwa Jos, mai tsawon kimanin kilomita 100, wanda ya haɗa filin kuza da layin Fatakwal da kuma kwal ɗin Inugu. Wannan ne ya rage wa ƙaramin dogon amfani har aka rufe shi a 1957. Daga 1958 zuwa 1964 kuma aka ja layi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri. Ma'anar wannan ita ce duk gyaɗa da auduga da shanun da suka fito daga arewa maso gabas sai sun hau tsaunin daga ɓangaren Bauchi, sun gangara Kafanchan, kafin su kama hanyar teku.

3.0 Dalilin da Ya Sa Hawa Yake Yi wa Jirgi Wuya

Ƙarfin jirgin ƙasa da rauninsa daga wuri guda suka fito. Ƙafarsa ta ƙarfe ce, tana birgima a kan ƙarfe mai santsi, don haka a shimfiɗaɗɗen wuri jan da bai wuce na kilo 2 zuwa 3 ba ya isa ya tafiyar da tan guda na kaya. Da zarar an fara hawa sai lissafi ya sauya. A ɗauki misalin hanyar da take ɗagawa da mita 1 a cikin kowace mita 50. A irin wannan hawa kowane tan yana ƙara wa kan jirgi jan kilo 20. Ke nan jirgi mai nauyin tan 500, wanda jan tan ɗaya da rabi ya ishe shi a fili, yana bukatar ƙarin jan tan 10 a wannan hawa. Hawan da mai keke zai raina, ga jirgi babban aiki ne.

Abu na biyu shi ne kamun ƙafa. Komai ƙarfin inji, ba zai iya ja da abin da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu tuƙi ba. In ya wuce haka sai ƙafafun su riƙa juyawa a wuri guda. Ruwan sama da raɓa da ganye da maiƙo duk suna rage wannan kamu, ga shi kuwa yankin Kagoro da Kafanchan wuri ne mai yawan ruwa da damina. Shi ya sa kowane kan jirgi yake da akwatin busasshen yashi, wanda direba yake sakin sa ta wani bututu zuwa gaban ƙafa.

Kafanchan tana kan tudun mita 700 da 'yan kai daga teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Tun da jirgi ba ya iya fuskantar tsauni kai tsaye, sai injiniyoyi suka tsawaita hanyar, ta riƙa kewaya gindin duwatsu ta Kagoro da Manchok kafin ta fito fili wajen Kuru. Sai dai kowace kwana ita ma tana da nata ja, domin gefen ƙafa yana gugar dogo. A ƙa'idar aikin reluwe, hawan da ya fi tsanani a hanya shi yake yanke yawan kayan da jirgi zai ɗauka a duk tafiyar. In kaya sun wuce wannan iyaka, ko dai a rage taragu, ko a ƙara kai na biyu.

Gangara kuwa ta fi hawa haɗari. Nauyin da ɗazu ake ja shi ne yanzu yake turo kan jirgi daga baya. Direban da ya bari gudu ya yi yawa kafin ya kama birki, ko ya daɗe yana danne da shi har ƙarfe ya yi zafi, yana iya rasa ikon jirginsa. Saboda haka gwanintar direba a gangara ake gane ta.

4.0 Daga Kwal Zuwa Dizal

A zamanin jirgin kwal, hawan nan aikin mutum biyu ne. Direba yana lura da tururi da yashi, mai zuba kwal yana ta aiki da shebur ba hutawa, domin in wuta ta yi sanyi a tsakiyar hawa jirgi ya tsaya ke nan. Ga kuma bukatar shan ruwa a tashoshi, da ɗauko kwal tun daga Inugu.

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara shigo da kawunan jirgi masu dizal don aikin babban layi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya katse kwal ɗin Inugu, ya ƙara gaggauta wannan sauyi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a irin waɗannan kawuna ba injin ne yake juya ƙafa kai tsaye ba. Injin yana juya janareta ne, wutar lantarkin da ta samu ta tafi ga wasu motoci da ke haɗe da ƙafafun, su kuma su juya su. Amfanin wannan tsari shi ne jirgi yana samun ja mai ƙarfi tun yana tafiya a hankali, wanda shi ne abin da hawa yake bukata. Amma shi ma yana da iyaka, domin in jirgi ya daɗe yana rarrafe da kaya fiye da kima motocin suna yin zafi har su ƙone.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da dogo a wannan yanki zai tuna cewa ƙarar inji takan riga jirgi isowa da nisa, tana amsawa a jikin duwatsu. Can sai a hango baƙin hayaƙi, sa'an nan kai ya ɓullo daga kwana, taragu suna biye ɗaya bayan ɗaya, yara suna ƙirgawa suna ɗaga wa direba hannu.

5.0 Koma Bayan Layin

Daga shekarun 1970 manyan motoci suka ƙwace mafi yawan kayan da jirgi yake ɗauka, gyaɗa ta ja baya, kayan gyaran injuna suka yi wuyar samu. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, amma gyaran bai ɗore ba. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa raunana sana'ar da ta kawo dogon tun farko. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda wannan hawa yake cikinsa.

6.0 Kammalawa

An adana wasu daga cikin kayan ƙaramin dogon Bauchi a gidan tarihi na Jos, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai ƙarfe ba ya magana. Sanin yadda ake hawa da gangara da jirgi mai nauyi yana kan tsofaffin direbobi da masu gyaran hanya da shugabannin tasha, waɗanda da yawansu suna zaune a Kafanchan da Zariya da Bauchi da Jos, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata hukumomin tarihi da al'adu na jihohin da layin ya ratsa su tura ma'aikatansu su ɗauki bayanan waɗannan dattawa, su kuma yi rajistar tsofaffin tashoshi da gadoji kafin masu sayen tsohon ƙarfe su riga su.