Yadda Tsoro Ke Tsallakawa Daga Abu Zuwa Makamancinsa

Mazaunin Jikwoyi da ke aiki a tsakiyar Abuja yana iya bi ta Nyanya a hanyarsa. A safiyar 14 ga Afrilu 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya, ya hallaka mutum fiye da 70. Ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi kusa da wurin.

Wanda ya tsallake rijiya da baya a irin wannan rana, da fari tashar kaɗai yake gudu. Sannu a hankali sai ya daina shiga kowace doguwar bas, ya ƙaurace wa kasuwar Karu, har ƙarar fashewar taya ta riƙa sa gabansa faɗuwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1920, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner sun riƙa buga ƙarfe a bayan wani jariri duk lokacin da ya taɓa farin ɓera. Daga baya yaron ya riƙa firgita da zomo da kare da rigar gashi, alhali ba a taɓa tsorata shi da su ba.

Me ke hana tsoron gushewa? Bayanin da Hobart Mowrer ya kawo a 1947 shi ne, duk sa'ad da mutum ya kauce wa abin da yake tsoro, hankalinsa na kwanciya nan take. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka gudun ne ya cece shi. Tun da bai tsaya ya ga cewa babu abin da zai faru ba, gobe ma gudun zai yi, kuma abubuwan da yake gudu su ƙaru.

Taka-tsantsan ba laifi ba ne. Amma in ya kai ga hana mutum neman abinci ko zuwa Juma'a, ya zama lalura. Maganin da likitoci suka fi amfani da shi shi ne kusantar abin tsoron mataki-mataki, daga mafi sauƙi, tare da ƙwararre. Babban Asibitin Karu na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Idan kana da ɗan'uwa mai wannan hali, kada ka kira shi rago, kada kuma ka tura shi cikin cunkoso da ƙarfi. Raka shi wurin likita tun da wuri.