Wa Ke Ba Jirgin Ƙasa Izinin Tafiya?

'Yan'uwa, a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina. Tun daga nan muke jin tambaya a ƙauyukanmu, daga Roni da Gwiwa har Ɓaɓura: in jirage biyu suka fuskanci juna a layi ɗaya, wa zai kauce? Amsa ita ce, babu. Jirgi ba shi da sitiyari. Shi ya sa ba ya tashi sai da izini.

Wannan doka ta daɗe. Da farko da agogo da takardar lokaci kaɗai ake aiki. In jirgi ya makara, ɗayan sai ya yi ta jira a tasha. A 1851, a Amurka, wani babban jami'in reluwe mai suna Charles Minot ya gaji da jira. Ya buga wayar tangaraho zuwa tashar gaba, ya ce a tsare jirgin da ke tahowa har nasa ya iso. Daga nan aka soma ba direbobi umarni a rubuce.

Amma saƙo yakan rikice. A 1874, kusa da Norwich a Ingila, kuskuren saƙo ya sa jirage biyu suka yi taho-mu-gama, mutum 25 suka mutu. Bayan haka Edward Tyer ya ƙera na'urar da ake ajiyewa a tashoshi biyu, waya na haɗa su. Alamar ƙarfe ɗaya tak take fitarwa, ba ta sake ba da wata sai an mayar da ta farko. Direban da bai riƙe alamar ba, ba ya shiga layin.

Jirgi ya iso Kano a 1911. A 1930 layin ya kai Nguru ta Ringim da Malam Madori, yana kwasar gyaɗa. Layi ɗaya ne, sai a tasha jirage ke wuce juna. Shugaban tasha kan nemi izinin tashar gaba ta waya kafin ya sallami jirgi. A layukan zamani, daga ɗaki guda ake lura da jirage, da rediyo da fitilu.

Ga inda abin ya shafe mu. Mai ba da izini ya san inda kowane jirgi yake, amma bai san inda shanunmu da yaranmu suke ba. Jirgi mai kaya yakan yi fiye da kilomita ɗaya kafin birki ya tsayar da shi. Don haka mu tsallaka a wurin da aka keɓe kaɗai. Mu tsaya, mu duba, mu saurara. Kada mu yi kiwo ko shanya a kan layi. Mu soma koya wa yara tun yanzu, gama rigakafi ya fi magani.